Korona ta taɓa talaka, ku tambayi matan da ta ritsa da su a Makka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in amsa wa wani bawan Allah da ya rubuto kwanakin baya yana cewa korona ciwon masu kuɗi ce da 'yan boko, ta zo ta wuce, talaka ko atishawa bai yi ba. Ban ji haushinsa ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Ni ma abin da idona ya gani zan faɗa. Sunana kuwa a taimaka a sakaya shi, domin ina da 'ya'ya, kuma ka san bakin mutane.

Ni Bakanuwa ce. Na gama sakandare kafin a yi mini aure, shi ya sa nake iya riƙe biro. Maigidana ya rasu a 2015, ya bar ni da yara uku da bashin magani da gidan haya. Da na fita takaba na gwada wankau, na gwada ƙosai, na gwada kitso, abin bai riƙe mu ba. A 2016 na sayar da gadon kwanana da kwanukan jerena, mahaifiyata Inna ta sayar da ɗan filin da ta gada, muka haɗa muka bai wa wani eja, ya yi mini bizar Umara da muharramin aro. Ba zan ɓoye maka ba, ranar da na hau jirgi na san ba zan dawo da an gama Umara ba. Na karya dokar ƙasar mutane, wannan na sani, kuma ba wanke kaina na zo yi ba. Irinmu ne ake kira takari a can, a gida kuma a ce 'yan Kano-Jidda. A 2017 an yi afuwa, aka ce duk marar takarda ya fito ya tafi gida ba tara. Na kwana uku ina juya maganar, sai na tuna ko kuɗin filin Inna ban mayar ba, na yi zamana.

A Hoshi Bakar na zauna, kusa da Shara Mansur, unguwar da in ka rufe ido ka saurari hayaniyarta sai ka rantse kana Fagge. Mu takwas ne a ɗaki guda. Biyu suna dafa tuwo da miyar kuka su kai Misfala, inda alhazanmu suka fi sauka. Ɗaya tana sayar da tsabar da masu ziyara ke watsa wa tantabaru, ɗaya tana ƙunshi da kitso. Ni da wata Bazazzagiya shagala muke yi, wato aikatau a gidajen Larabawa, mu tafi da safe mu dawo da yamma. Akwai wata yarinya 'yar Damagaram mai ciki, mijinta yana wankin mota a Jidda yana leƙowa jefi-jefi. Sai tsohuwarmu da muke kira Iya, wadda ƙarfinta ya ƙare, muna ciyar da ita tana tsare mana ɗaki. In wata ya yi kyau nakan haɗa riyal 1,300. In cire na ɗaki da na ci, in kai 700 wurin ɗan canji, kafin in koma ɗaki yaronsa da ke Wapa ya kira Inna ta aika a karɓo. Da wannan kuɗin ake biyan haya, da makarantar yara uku, da maganin hawan jinin Inna. A cikinsa na tara na kama wa ƙanena Adaidaita Sahu. Mutum bakwai ne ke ci daga tafin hannuna, kuma kowace mace a ɗakin nan tana da nata bakwai ɗin ko goma a gida.

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigowar masu Umara daga waje. Ba mu ɗauki abin da zafi ba, muka ce mako ɗaya ne ko biyu. Amma duk wanda ya san Makka ya san baƙo ne kasuwarta. Kafin mako ya zagayo masu tuwo sun daina ɗora tukunya, mai tsaba ta dawo da buhunta yadda ta fita da shi. Ranar da aka nuna filin ɗawafi fayau ba kowa, Iya ta karɓi wayata ta daɗe tana kallo, hawaye na bin kuncinta. Ta ce shekara talatin tana garin nan, ko da ƙarfe uku na dare ba ta taɓa ganin Ɗakin Allah shi kaɗai ba.

Daga nan sai mu masu shagala. Gida uku nake yi wa aiki. Uwar gida ɗaya ta biya ni cikakken wata ta ƙara mini da buhun shinkafa ƙarami, ta ce in zauna a ɗaki sai abin ya lafa, Allah ya saka mata da alheri. Ta biyu ta miƙo mini kuɗina ta bayan ƙofa a cikin leda. Ta uku ina bin ta wata biyu, ta ce in dawo bayan ciwo, kuma har yau ban ga kuɗin ba. Wadda ba ta da igama, wato takardar izinin zama, ba ta da inda za ta kai ƙara, domin da ta buɗe baki ita ce mai laifi ta farko.

Ranar 23 ga Maris aka sa dokar hana fita ta dare. Ranar 30 ga wata aka killace unguwanni shida a Makka: Ajyad, Masafi, Misfala, Hajun, Nakkasa da tamu Hoshi Bakar, ba shiga ba fita. Ranar 2 ga Afrilu aka rufe Makka da Madina gaba ɗaya, dare da rana. Tarar karya dokar riyal 10,000 ce, ta fi abin da nake samu a wata bakwai. Ana ta cewa a ba da tazara, a yawaita wanke hannu. Mu takwas muke kwana a ɗakin da in ɗaya za ta juya sai ta tashi ta kusa da ita, banɗaki ɗaya muke haɗawa da wasu ɗakuna uku, ruwa kuma saye muke yi. Masu alheri sun riƙa shigo da kwalayen abinci, shinkafa da mai da dabino da madara, kuma da ba don su ba da yunwa ta riga ciwon kashe mu. Sai dai wurin rabon akwai masu kaki, kuma macen da ta yi shekara huɗu tana sauya hanya da ta hango kaki daga nesa, ƙafarta ba ta yarda ta kai ta layi. Mai ƙunshi ce mai ƙarfin halin cikinmu, ita ke fita ta karɓo kwali ɗaya mu raba takwas.

Akwai abin da maza ba sa sawa a lissafi in suna maganar kulle. Al'ada ba ta san da dokar hana fita ba. Da kuɗin audugar mata ya gagara, tsofaffin zannuwanmu muka yayyaga, mu wanke da ɗan ruwan da ake tsimi, mu shanya cikin ɗakin da muke dafa abinci. Ciki ma bai san da doka ba. Yarinyar nan 'yar Damagaram naƙuda ta kama ta cikin dare a makon farko na rufe garin, mijinta yana maƙale a Jidda ba hanya. Ba ta taɓa zuwa awo ba ko sau ɗaya. Iya ce ta karɓi haihuwar, ina riƙe da fitilar waya, aka tafasa reza a tukunyar shayi aka yanke cibi. Jini ya yi ta zuba har muka fara salati, sannan Allah ya tsayar da shi. Mace aka samu. Babu rago, babu wankan jego na kirki, babu rigakafi, kuma babu wata takarda a duniya da ta nuna an haifi wannan yarinya, ba a Saudiyya ba, ba a Nijar ba. Uwar tana kwance tana ba mu labarin yayarta, cikin matan Kance ta Nijar da ke tafiya Aljeriya da yaransu neman abinci, yadda ake kwaso su a zubar a sahara su taka kilomita goma sha biyar kafin su kai Assamaka. Ta ce ita da ta haihu ƙarƙashin rufi ta gode wa Allah.

Duk da haka mu masu ɗakin kanmu mun fi waɗanda ke kwana a gidajen aiki sauƙi. Akwai wata yarinya 'yar Jigawa da muka haɗu a Harami, wadda ta shigo da bizar aiki, fasfonta yana hannun kafili, wato ubangidan da takardar zamanta ke ƙarƙashin sunansa. Takan kira ni a ɓoye daga banɗaki, tana raɗa. Kafin ciwo, da safe maza su tafi aiki, yara su tafi makaranta, ta ɗan samu ta miƙe bayanta. Da aka rufe gari mutum goma sha ɗaya suka zauna mata a ka dare da rana, wannan ya ce shayi, wancan ya ce guga. Duk abin da ya shigo gidan, har ledar burodi, ita za ta wanke da ruwan bilic ba safar hannu, har fatar yatsunta ta saɓule. In mai kawo saƙo ya buga ƙofa ita ake turawa, don in akwai ciwo ya tsaya a kanta. Albashi aka ce sai kasuwa ta buɗe. Sannan ga babban ɗan gidan da zaman banza ya sa ya sa mata ido, har ta koma tana tokare ƙofar ɗakinta da injin wanki kafin ta kwanta. Na ce mata ta gudo. Ta ce ta ina, titi duk askarawa, kuma da ta fita kafili zai rubuta mata hurub, wato ya kai rahoton ta gudu, ta zama abin nema. Ba ni da abin da zan ce mata sai addu'a. Daga baya na ji cewa a Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafala, ma'aikaci yana iya sauya wurin aiki, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba, wato su da suka fi kowa buƙatarsa. A cikin watan Afrilun 2020 ne kuma aka kama wani mutum a Labanan da ya sa hoton fasfon 'yar aikinsa 'yar Najeriya a Facebook, ya yi mata kuɗi dala dubu ɗaya. Ranar da muka ji labarin ba wadda ta yi mamaki a ɗakinmu.

Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu. Wanda bai taɓa yin azumi a Makka ba ba zai gane abin da muka rasa ba. A watan nan ba a kwana da yunwa a garin, shimfiɗar buɗa-baki tun daga cikin Harami har tituna, kuma shi ne kakar 'yar aiki, ga ƙarin aiki ga zakka ga kayan sallah. A shekarar babu ko ɗaya. Muna jin ladan yana kiran salla yana cewa a yi salla a gida, mu sha ruwa da dabino bibbiyu.

A rana ta uku ga azumi saƙon murya ya shigo mini daga Kano. Ina so wanda ya rubuto waccan wasiƙar ya tsaya a nan ya karanta da kyau. An samu mai cutar na farko a Kano ranar 11 ga Afrilu, aka rufe gari ranar 16. Ni kuwa tun Maris ban aika ko sisi ba. Maganin Inna ya ƙare, ta ɓoye mini, kullum in na kira sai ta ce lafiya lau, ke dai ki kula da kanki. Zazzaɓi ya kama ta, numfashi ya fara yi mata wuya. Ƙanena ya sa ta a Adaidaitar da na saya masa ya zaga da ita wuri uku, wani a rufe, wani aka ce ba a karɓar mai tari. A hanyar komawa gida ta cika. Ba a yi mata gwaji ba, don haka ba ta cikin adadin da ake karantawa a rediyo kullum dare. A makonnin nan masu haƙar kabari ne suka fara faɗa wa duniya cewa gawa ta yi yawa a Kano, ana ta gardama. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce sanadi. Inna ba mai kuɗi ba ce, ba ta taɓa shiga aji ba, ko filin jirgi sau ɗaya ta taɓa zuwa, ranar da ta raka ni.

Na yi kuka har muryata ta dushe. Iya ta ɗora kaina a cinyarta ta ce, ki yi haƙuri 'yar nan, ga ni, ni ce uwarki yanzu. Mako guda bayan nan ita ma ta kwanta.

A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Tun ranar 30 ga Maris Sarki Salman ya ba da umarni a yi wa kowa maganin korona kyauta, ɗan ƙasa da baƙo, har da irinmu marasa takarda, ba tare da an hukunta kowa ba. Ma'aikatan lafiya suna shigowa unguwa suna gwaji. Labarin ya iso mana, amma a gutsure, wannan ta ce ta ji an ce, waccan ta ce tarko ne, so ake a tara mu wuri ɗaya a kwashe. Babu wani namu da muka yarda da shi, malami ko shugaban al'umma ko wata murya daga gida, da ya tsaya ya ce mana da Hausa, wallahi gaskiya ne, ku je. Sai muka riƙe Iya da Panadol da citta da lemon tsami da habbatus sauda. Tana da ciwon suga. Da numfashinta ya fara sarƙewa na ɗauki waya zan kira lambar lafiya, 937, ta riƙe mini hannu da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta ce kada ki kira, ni na gama nawa, in sun zo ɗaukata ku za su kwashe, wa zai ciyar da 'ya'yanku? Na ajiye wayar. Wannan ajiyewar tana cikin abin da nake nema wa gafarar Allah kullum.

Daren sha bakwai ga azumi ta rasu, bayan ta yi shahada sau uku muna ji. Gawa kuwa ba ta ɓoyuwa, dole muka kira. Suka zo cikin fararen kayan nan da ke rufe mutum ruf, suka sa ta a jaka suka zuge. Iya tana da likkafaninta da ta saya tun da daɗewa, ta wanke shi da ruwan Zamzam, yana naɗe ƙarƙashin matashinta. Na miƙa musu, suka ce ba a karɓar komai daga ɗakin. Aka gwada mu, mu huɗu aka samu da cutar, aka kai mu wani otal muka yi mako biyu ana ajiye mana abinci a bakin ƙofa, likita yana duba mu. Da muka warke aka mayar da mu unguwa. Ba wanda ya kama mu, ba wanda ya karɓi riyal ɗaya. Ashe da na kira tun ranar farko haka za a yi wa Iya.

An ɗage dokar hana fita ranar 21 ga Yuni, amma abinci bai dawo ba. Hajjin shekarar na 'yan tsiraru ne mazauna ƙasar, bayan a 2019 an yi kusan mutum miliyan biyu da rabi. Ranar 1 ga Yuli harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Gidaje suna tsoron mai shigowa daga waje, musamman in sun ji sunan unguwarmu. Da aka buɗe Umara ranar 4 ga Oktoba sai da izini ta manhajar waya, ita kuma manhajar tana neman lambar takardar zama. Ina hango hasumiyar agogo daga bakin ƙofarmu, amma na bar Makka ban sake yin ɗawafi ba, ban yi wa Inna ko ɗaya ba.

A Kano kuwa, da Inna ta rasu aka raba yarana kamar kayan gado. Babban namijin aka kai shi gareji, ƙaramin aka tura ƙauye. 'Yata tana aji uku na ƙaramar sakandare, shekararta goma sha biyar, ita ce ke zuwa ta ɗaya ko ta biyu a ajinsu, burinta ta zama malamar asibiti. Makarantu a rufe tun ƙarshen Maris, uwa ba ta aiko da kuɗi, ga ta a gidan baffanta da shi ma kulle ya karya masa jari. Bayan Babbar Sallah ya ɗaura mata aure. Da saƙon murya aka sanar da ni, bayan an watse. Da aka buɗe makarantu kujerarta wata ta zauna. Yanzu 'ya'yanta biyu. Ba na zagin aure, kuma mijin ba ya cutar da ita, amma na san saboda karatunta na bar gida na je ina wanke banɗakin mutane, kuma wata shida na rashin aike ya shafe wahalar shekara huɗu.

A watan Nuwamba aka kama ni ina dawowa daga wani gida da na samu aikin kwana biyu a mako. Daga ni sai abaya da waya da riyal arba'in. Duk abin da na mallaka yana ɗaki, har da likkafanin Iya da na ce zan kawo wa danginta in Allah ya sa na same su. A da, in an kama mace aka kai ta tarhil, wato inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, mako biyu ko uku ta ga gida. A wannan karon jirage sun yi ƙaranci, sai aka yi ta tara mutane ba a kwashewa. Na kusa wata uku. Ba zan tsawaita a kan wurin ba, abin da zan ce kawai shi ne akwai masu goyo, akwai masu ciki, akwai tsofaffi, kuma a wurin da ake cewa a ba da tazara kafaɗa da kafaɗa muke kwana. A Janairun 2021 wani bidiyo na 'yan Najeriya da ke tsare ya bazu, aka yi ta magana, sannan aka sanar da za a kwaso mutum 802. Jirgin farko ya sauka Abuja ranar 28 ga wata da mutum 384, mata 83 a ciki da jariri ɗaya. Ina cikin matan nan. Aka killace mu a sansanin alhazai, daga nan kowa ya kama hanyar garinsu. Na gode wa duk wanda ya sa hannu aka dawo da mu.

Abin da na tarar a gida ya fi tarhil ciwo. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shigowa inda na sauka, wai na kwaso ciwon Larabawa. Waɗanda a da ke kirana Hajiya a waya suna neman a taimaka musu da kuɗin suna ko na asibiti, su ne suka fara cewa ai dama wa ya san abin da take yi a can. Na shekara huɗu ina aike ba wanda ya tambayi ta yaya kuɗin ya samu, sai ranar da na dawo hannu rabbana aka tuna da tambayar. Wannan ɗabi'a tamu ce, Malam Edita, ba ta Larabawa ba, kuma mu ne za mu gyara ta. Unguwa nawa ce a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram da in ka bi gida-gida za ka tarar rufin kwano da kuɗin makaranta da jarin shago daga guminmu suka fito? Ana cin kuɗin ana ƙyamar mai kawo shi. Da annoba ta zo aka zauna ana lissafin wa za a ba tallafi, can ba ma cikin lissafi don ba mu da takarda, nan ba ma ciki don ba ma gida, yaran da muka bari su ma ba sa ciki don an ce uwarsu tana Makka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an fita daga dokar ta-ɓacin korona tun Mayun 2023, amma mu a Kano mun san annoba ba ta yin sallama ta har abada. Mun ga sanƙarau a 1996, mun ga kwalara, mun ga mashaƙo. Kuma mata ba su daina tafiya ba, ina ganinsu, wasu ma ni suke zuwa tambaya yadda ake yi. Nakan gaya musu gaskiya duka, wasu su fasa, da yawa su tafi, domin abin da ya kore ni a 2016 yana nan bai gusa ba. To tunda za su tafi, ina roƙon hukuma ta san da su. A samu hanyar da mace za ta rubuta sunanta da garinsu da lambar wani nata, ba tare da tsoron za a yi amfani da shi a kama ta ba, yadda in wani abu ya faru za a san mutum nawa ake nema. A sa ido a kan ejojin da ke karɓar kuɗin filin tsohuwa su haɗa mace da muharramin aro ko su miƙa ta ga kafilin da ba su taɓa gani ba. Yaran da aka haifa a ɗakuna irin namu a nema musu takarda. Malamanmu kuma, waɗanda matan can ke sauraron karatunsu a waya dare da rana, su sani maganarsu tana da nauyin da ta jami'i ba ta da shi. Da a ce a watan Afrilun nan malami ɗaya da muka yarda da shi ya yi saƙon minti biyu ya ce, 'yan'uwa mata da ke Makka da Jidda, umarnin sarki gaskiya ne, ku kai marasa lafiyarku, da ban ajiye wayar nan ba. Ku ma 'yan jarida da gidajen rediyo haka ne, ku muke saurare a can fiye da yadda kuke zato.

Roƙona na ƙarshe shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Ban san cikakken sunan Iya ba, kowa Iya yake ce mata, kuma a can ba a cika tambayar mutum asalinsa ba. Abin da na riƙe daga hirarta shi ne daga wani ƙauye take a ƙasar Haɗeja, ta zo aikin Hajji a 1990, shekarar da aka yi turmutsitsi a ramin Mu'aisim mutum 1,426 suka rasu, ta tsira ta ce ba za ta bar garin ba. Ta bar ɗa namiji da 'ya mace a gida, tana aika musu da abin da ya samu har ƙarfinta ya ƙare, daga baya lambar da take kira ta daina shiga. In akwai wanda wannan bayani ya yi daidai da mahaifiyarsa ko kakarsa, to ya sani ta rasu a Makka daren sha bakwai ga Ramadan na 1441, da kalmar shahada a bakinta, kanta yana kan cinyata. Ba ta bar bashin kowa ba. Ban san inda kabarinta yake ba, domin ba a bar mu mun bi gawar ba. Na bar lambata a wurinka, Malam Edita, duk wanda ya zo da bayanin da ya dace a haɗa mu, akwai saƙon da ta bar wa 'yarta da ba zan rubuta a jarida ba.

Wassalam.

Taku,
Wata mai karatu daga Kurna, Kano